Wa Ya Naɗa Wa Netanyahu Rawanin Annabi Musa?

Akwai magana guda da Benjamin Netanyahu da wasu masu zafin kishin Falasɗinu a cikinmu suka haɗu a kanta, ko da yake kowane ɓangare zai ji haushi in aka gaya masa. Maganar ita ce wai ƙasar Isra'ila da Yahudawa abu ɗaya ne, wai duk bam ɗin da ya faɗa kan Gaza Attaura ce ta jefo shi, wai Yahudawan duniya su kusan miliyan 16 da baki ɗaya suke magana, kuma bakin nan yana zaune a ofishin firaminista. Netanyahu da alfahari yake faɗar haka. A farkon 2015, bayan harin da aka kai wani kantin Yahudawa a Faris, ya bayyana kansa a matsayin wakilin Yahudawan duniya baki ɗaya. Namu kuwa da tsinuwa suke faɗa, a Facebook da WhatsApp da TikTok, wani lokacin har da hoton Hitler ana sa masa albarka. Ko da alfahari ko da tsinuwa, ƙaryar dai ɗaya ce, kuma mutum ɗaya take yi wa aiki.

Matsayinmu a fili yake. Abin da ake yi wa Falasɗinawa zalunci ne. A 1948 an raba kimanin mutum 750,000 da gidajensu, aka shafe ƙauyuka fiye da 400. Tun 1967 Gaɓar Yamma da Kogin Jordan take ƙarƙashin mamayar soja, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce mamayar haramtacciya ce. Zuwa tsakiyar 2025, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga fiye da mutum 60,000 da aka kashe tun Oktoban 2023, ban da waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai. Saboda nauyin wannan jini ne ma muke cewa bai kamata a bar maganar a hannun masu yi wa Yahudawa kuɗin goro ba. Wanda bai san abokin faɗansa ba zai yi ta dukan iska, azzalumi yana gefe yana dariya.

Addinin da ya girma ba da sarauta ba

Yahudancin da duniya ta sani yau a kan tokar mulki aka gina shi. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, rundunar Rum ƙarƙashin Titus ta rushe Haikalin Ƙudus. Littafin Talmud ya kawo labarin wani malami, Yohanan ben Zakkai, wanda ya ga masu zafin kai sun ja birnin zuwa halaka, sai ya sa almajiransa suka fitar da shi cikin akwatin gawa. Da ya tsaya gaban kwamandan Rum, bai roƙi gadon sarauta ba, garin Yabne da malamansa ya roƙa, wato makaranta. Daga 132 zuwa 135 aka sake gwada takobi ƙarƙashin Bar Kokhba, har babban malami Akiba ya ɗauke shi Almasihun da ake jira. Ƙarshenta kisa ne da kora. Daga nan malaman Yahudawa suka shafe ƙarni goma sha takwas suna gina addinin karatu da shari'a da addu'a, babu soja, babu fada.

Kuma ba rashin ƙarfi kaɗai ya sa su haka ba. Sun mayar da tsoron mulki wani ɓangare na karatunsu. A littafin Sama'ila, lokacin da Bani Isra'ila suka nemi a naɗa musu sarki, annabinsu ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi, ya karɓe gonakinsu da itatuwan zaitun ɗinsu. Attaura ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya. Ta hana sare itace mai 'ya'ya ko da a lokacin kewaye gari da yaƙi. Malaman Talmud sun ƙirga cewa ta yi gargaɗi a kan cutar da baƙo sau 36. Akwai kuma ƙissar Nabot, talaka mai gonar inabi kusa da fadar Sarki Ahab. Sarki ya nemi ya saya, Nabot ya ce gadon iyayensa ne ba zai sayar ba. Aka shirya shaidun zur, aka jefe shi, sarki ya shiga gonar. A cikin gonar Annabi Iliyasu ya tare shi, ya tuhume shi da kisa da cin gadon wanda ya kashe. Duk Bayahuden da ya san littafinsa, in ya ga 'yan kama-wuri-zauna suna tumɓuke zaitun a kusa da Nablus, ya san wane ne Ahab a wannan labari.

Ko tarihin lokacin da suka taɓa riƙe mulki, malaman ba su yi masa kwalliya ba. Gidan Makabiyawa, waɗanda suka ƙwato Ƙudus daga hannun Girkawa, jikokinsu sun zama sarakunan da suka tilasta wa mutanen Idumiya shiga addini, kuma masanin tarihi Yosifus ya rubuta cewa ɗayansu, Iskandar Yannai, ya gicciye mutum 800 daga cikin 'yan'uwansa Yahudawa masu adawa da shi. Da Talmud ya zo bayanin bikin Hanukka, sai ya wuce labarin nasarar yaƙi da sauri, ya tsaya a kan ɗan man fitila da ya kwana takwas yana ci.

Gaskiya ne a cikin waɗannan littattafai akwai nassoshi masu kaifi: yaƙe-yaƙen Yusha'u, da umarnin shafe Amalek. Amma dubi yadda malaman suka yi da su. Sun ce Sennakerib, sarkin Assuriya, ya riga ya cakuɗa al'ummai, don haka ba wanda zai iya nuna wata ƙabila yau ya ce ga waɗanda nassin yake nufi. Wato sun zare wa nassin harsashi suka rataye shi. Sannan a babin Ketubot na Talmud akwai abin da ake kira rantsuwoyi uku: kada Yahudawa su koma ƙasar a matsayin runduna, kada su yi wa al'ummai tawaye, su kuma al'ummai kada su wuce gona da iri wajen gallaza musu. Malamai sun yi saɓani a kan ƙarfin wannan hukunci, domin irin su Nahmanides suna ganin zama a ƙasar umarni ne. Duk da haka, abin da akasari suka tafi a kai shi ne komawa da mulki aikin Allah ne, sai Almasihu ya zo.

Malaman da suka ce a'a

Saboda haka da Sahayoniyanci ya ɓullo a Turai, malaman addini na cikin waɗanda suka fara tsaya masa a gaba. Theodor Herzl ɗan jarida ne a Biyana, ba mai riƙo da ibada ba. Kishin ƙasa irin na Turawan ƙarni na 19 ya ɗauka, a matsayin mafita daga ƙiyayyar da Turai take yi wa Yahudawa, kuma ƙiyayyar gaskiya ce. Babban taronsa na farko a 1897 a Munik aka shirya yi, malaman Yahudawan Jamus suka yi ca, dole aka mayar da shi Basel a Suwizalan. Tun 1885 masu ra'ayin sabunta addini a Amurka suka fitar da sanarwar Pittsburgh, inda suka ce su al'ummar addini ce, ba sa jiran komawa Falasɗinu. A 1912 masu riƙo da gargajiya suka kafa Agudat Isra'el don tare guguwar. Da gwamnatin Ingila za ta fitar da Alkawarin Balfour a 1917, Bayahude ɗaya tak ke cikin majalisar ministoci, Edwin Montagu, kuma shi ya fi kowa yaƙar alkawarin. Hujjarsa ita ce za a ba wa masu ƙin Yahudawa damar cewa ga ƙasarku can, ku tattara ku tafi.

A cikin Ƙudus kanta, Rabbi Yosef Hayyim Sonnenfeld ya jagoranci tsofaffin mazauna masu adawa da shugabancin Sahayoniyawa. Mai magana da yawunsu, Jacob de Haan, lauya kuma marubuci daga Holan, ya riƙa ganawa da shugabannin Larabawa yana neman a zauna lafiya ba tare da ƙasar Yahudawa zalla ba. Ranar 30 ga Yunin 1924 aka harbe shi a titi bayan ya fito daga wurin ibada. Ɗan ƙungiyar Hagana ne ya harbe shi, Avraham Tehomi, kuma bayan shekaru da dama ya amsa da bakinsa. Masu cewa duk Yahudawa ɗaya ne, su gaya mana a wane layi za su ajiye gawar de Haan.

Ko a cikin Sahayoniyawan ba a taru an zama ɗaya ba. Ahad Ha'am ya ziyarci Falasɗinu a 1891, ya dawo ya rubuta cewa ƙasar ba kufai ba ce, kuma ya soki yadda sababbin zuwa suke wulaƙanta Larabawa. Martin Buber da Judah Magnes, shugaban farko na Jami'ar Ibraniyanci, sun yi ta kira ga ƙasa ɗaya ta al'umma biyu masu haƙƙi daidai. A watan Disambar 1948, Albert Einstein da Hannah Arendt na cikin waɗanda suka sa hannu a wasiƙar da jaridar New York Times ta buga, suna kwatanta jam'iyyar Menachem Begin da 'yan fasist, suna tuna wa duniya kisan Deir Yasin. Daga wannan jam'iyya Likud ta Netanyahu ta samo tushe. Sai kuma Rabbi Yoel Teitelbaum na Satmar, wanda ya tsira daga sansanin Bergen-Belsen, ya wallafa Vayoel Moshe a 1961, littafi sukutum a kan cewa kafa ƙasar saɓa wa rantsuwoyin nan uku ne.

Waɗannan mutane an kayar da su, kuma mun san abin da ya kayar da su. Kisan Yahudawa miliyan 6 a hannun 'yan Nazi ya rushe garuruwa da makarantun da wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a cikinsu, ya kuma sa waɗanda suka tsira suka ce ba za su ƙara zama babu bindiga ba. Turai ta yi laifin, aka miƙa wa manomin Falasɗinu takardar biya.

Ranar da addini ya hau kujera

Waɗanda suka kafa Isra'ila, irin su David Ben-Gurion, akasarinsu ba masu ibada ba ne. Sun ɗauki Attaura kamar takardar fili. Haɗarin ya ƙaru ne da aka sami malaman da suka shafa wa gwamnati da soja tsarki. Rabbi Abraham Isaac Kook, wanda ya rasu a 1935, ya koyar da cewa majagaban da ba sa ibada suna aikin fansar Ubangiji ba tare da sun sani ba. Ɗansa Zvi Yehuda Kook ya ƙara wa maganar wuta. A watan Mayun 1967 ya tsaya gaban ɗalibansa yana kukan rashin Hebron da Nablus da Jeriko. Bayan makonni uku yaƙin kwana shida ya sa garuruwan a hannun sojan Isra'ila, ɗaliban suka ce ai annabci ne ya tabbata. A 1968 Rabbi Moshe Levinger ya kama ɗakuna a wani otal a Hebron da sunan bikin Ƙetarewa, ya ƙi fita. A 1974 aka kafa Gush Emunim. Yau 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000 a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus.

Ga 'ya'yan da itacen ya haifa. Ranar 25 ga Fabrairun 1994, cikin azumin Ramadan, Baruch Goldstein, almajirin Meir Kahane, ya buɗe wuta a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron, ya kashe masallata 29. Ranar 4 ga Nuwamban 1995 Yigal Amir ya harbe Firaminista Yitzhak Rabin, ya kafa hujja da wani hukuncin shari'ar Yahudawa da ya halatta kashe wanda ke bin wani don ya halaka shi. A 2009 wasu malamai biyu daga matsugunin Yitzhar suka fitar da Torat HaMelekh, littafin da ke lissafa yanayin da za a kashe wanda ba Bayahude ba, har da yara. Itamar Ben-Gvir, wanda kotun Isra'ila ta samu da laifin tunzura wariya da goyon bayan ƙungiyar ta'addanci a 2007, wanda kuma ya daɗe da hoton Goldstein a falonsa, ya zama ministan tsaron cikin gida a ƙarshen 2022. A ƙarshen Oktoban 2023, lokacin da sojoji ke shiga Gaza ta ƙasa, Netanyahu ya tuna musu da Amalek. Nassin da malamai suka rataye ƙarnuka da dama, ɗan siyasa ya sauko da shi ya ɗura masa harsashi, kuma lauyoyin Afirka ta Kudu sun kawo wannan furuci gaban Kotun Duniya a Janairun 2024.

Wannan duka an yi shi da sunan addini, ba mu musu ba. Tambayar ita ce, addinin ne ya kama mulki, ko mulkin ne ya kama addinin ya sa masa linzami? Amsa mafi kaifi daga cikin gida ta fito.

Masu faɗa wa fada gaskiya

Yeshayahu Leibowitz, haifaffen Riga a 1903, farfesa ne a Jami'ar Ibraniyanci, mai tsananin kiyaye dokokin addini har ya rasu a 1994. Bai ƙi kafa Isra'ila ba. Abin da ya ƙi shi ne a kira ta mai tsarki. A wurinsa gwamnati kayan aiki ce kamar garma, kuma duk wanda ya jingina tsarki ga ƙasa ko tuta ko soja ko ma duwatsun Bangon Yamma, to ya faɗa bautar gumaka. A Oktoban 1953, da rundunar Ariel Sharon ta kashe kusan mutum 70 a ƙauyen Ƙibya, Leibowitz ya yi rubutu yana tuna wa jama'arsa yadda Attaura ta ce Yaƙub ya la'anci fushin 'ya'yansa biyu da suka yi kisan ramuwa a Shekem. A 1968, ana tsakiyar shagalin nasara, ya yi gargaɗin cewa riƙe yankunan da aka mamaye zai mayar da Isra'ila ƙasar 'yan sandan ciki, ya lalata tarbiyya da addini gaba ɗaya. Daga baya ya yi kira ga matasa su ƙi aikin soja a yankunan. Da aka ce za a ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar a 1993, hayaniya ta tashi har Rabin ya ce ba zai halarci bikin ba, sai Leibowitz ya ce su riƙe abarsu.

A Amurka, Marc Ellis ya wallafa littafinsa kan tauhidin 'yantarwa na Yahudawa a 1987. Shi ya yaɗa kalmar Yahudancin Konstantin. Kiristanci ya fara a matsayin addinin waɗanda ake jefa wa zakuna, amma da Sarki Konstantin na Rum ya rungume shi a ƙarni na 4, sai limamai suka koma masu sa wa rundunar daula albarka. Ellis ya ce abin da ya sami Yahudanci bayan 1948, musamman bayan 1967, ke nan. Wasu masana sun ce darasin kisan kiyashin Nazi shi ne kada Yahudawa su sake rasa ƙarfi. Ellis ya ce darasin bai cika ba sai an tambayi me aka yi da ƙarfin, kuma a kan wa. A ganinsa, Bayahude na yau ba zai cika alkawarinsa da Ubangiji ba sai ya tsaya tare da Bafalasɗine.

Ra'ayin bai tsaya a takarda ba. A 1982, bayan kisan Sabra da Shatila, dubban ɗaruruwan 'yan Isra'ila sun cika Tel Aviv har aka kafa kwamitin binciken da ya raba Sharon da ma'aikatar tsaro. Tun 1988 ƙungiyar Rabbis for Human Rights take tura malamai su tsaya tsakanin manoman Falasɗinu da 'yan kama-wuri-zauna a lokacin girbin zaitun, ana dukansu, ana kama su. B'Tselem, wadda ta ɗauko sunanta daga ayar halittar ɗan Adam a Attaura, ta kira tsarin mulkin Isra'ila wariya irin ta tsohuwar Afirka ta Kudu a Janairun 2021, ta kuma kira abin da ake yi a Gaza kisan ƙare dangi a Yulin 2025. Ranar 27 ga Oktoban 2023, 'yan Jewish Voice for Peace suka tsayar da tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York suna neman a tsagaita wuta, aka kama ɗaruruwa. Waɗannan su ne ake kira maciya amana a gidajen iyayensu, sannan wani ya zauna a Kano ko Damagaram ya haɗa su da Ben-Gvir a tsinuwa ɗaya.

Abin da za a ce mana

Za a ce ai 'yan tsiraru ne. Haka ne, yawancin manyan ƙungiyoyin Yahudawa suna bayan Isra'ila, kuma a cikin Isra'ila masu irin ra'ayin Leibowitz kaɗan ne. Amma yaushe yawa ya zama ma'aunin gaskiya a wurinmu? Kuma lissafin yana motsi: wani bincike a 2021 ya nuna kashi 25 cikin ɗari na Yahudawan Amurka masu zaɓe sun yarda Isra'ila ƙasar wariya ce. A ɗaya gefen, rundunar da ta fi yawa wajen kare Isra'ila a siyasar Amurka Kiristoci ne masu bin irin su John Hagee, wanda ya kafa ƙungiyarsa a 2006. In addinin mutum ne ke nuna inda zai tsaya, yaya za mu yi da Shireen Abu Akleh, Kirista Bafalasɗiniya da harsashin sojan Isra'ila ya kashe a Jenin a Mayun 2022? Yaya kuma za mu yi da gwamnatocin Musulmi da suka ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020 suka laƙaba wa yarjejeniyar sunan Annabi Ibrahim, ko da yunwar da sojan Assad ya jefa Falasɗinawan sansanin Yarmuk a ciki?

Za a ce ana kashe yara, ku kuna tace kalmomi. To su Falasɗinawan da kansu suna tacewa. Edward Said ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar mamaya tare da yaƙar musun kisan kiyashin Nazi. Hamas ma, a takardar manufofinta ta 2017, ta rubuta cewa faɗanta da shirin Sahayoniyanci ne, ba da Yahudawa saboda addininsu ba. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Duk hoton Hitler da aka yaɗa da sunan Gaza kyauta ce ga masu cewa sukar Isra'ila ƙiyayyar Yahudawa ce, kuma da wannan zargi ake korar ɗalibai da malaman jami'a masu goyon bayan Falasɗinu a Turai da Amurka. Baƙar fata mai yabon Hitler kuwa ya nemi labarin sojojin Afirka ta Yamma da rundunarsa ta ware daga Turawan Faransa ta harbe a Chasselay a Yunin 1940. Littafin nan na makircin dattawan Sihiyona da ake ta turawa a waya, jabu ne da ya fito daga Rasha a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa tun 1921.

Adalcin nan yana hawa kan kowa. A cikin kimanin mutum 1,200 da aka kashe ranar 7 ga Oktoban 2023 akwai Vivian Silver, dattijuwar da ta riƙa ɗaukar marasa lafiyar Gaza a motarta zuwa asibitocin Isra'ila. Wanda ba zai iya cewa kashe ta laifi ne ba, ya raunana bakinsa ranar da zai yi magana a kan yaran Rafah. Haka kuma a bar mayar da 'yan Neturei Karta abin ado a shafukanmu. Ƙungiya ce ƙarama, kuma da wasunsu suka halarci taron musun kisan kiyashi a Tehran a 2006, hatta Satmar ta barranta da su. Zanen aro ba ya rufe katara.

Inda maganar ta dawo gida

Rikicin da ke tsakanin Leibowitz da Kook ba baƙo ba ne a wurin mai karatun Hausa. Muna da kalmar malaman fada, kuma mun san abin da take nufi. Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalancin halifa har ya rasu a tsare. An yi wa Ahmad bin Hanbal bulala saboda ya ƙi aƙidar da fada ta ɗora. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tun jihadi bai ƙare ba, ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Ciwon da ya kama Yahudanci da ya sami jiragen yaƙi, kowane addini yana iya kamuwa da shi ranar da ya hau kujera, kuma laifi tudu ne. Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Ali Imrana cewa Ma'abota Littafi ba duka suke ɗaya ba, ya kuma yi gargaɗi a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci. Littattafan sira sun adana sunan Mukhairiƙ, malamin Yahudawa da ya mutu a Uhudu yana yaƙi a gefen Musulmi.

Saboda haka muna kira ga masu hawa mumbari da masu karanta labarai a rediyo da duk mai riƙe da waya: a kira abu da sunansa. In sojan Isra'ila ya rushe asibiti, a ce sojan Isra'ila. In 'yan kama-wuri-zauna sun ƙona gona, a ce su ne. In minista ya yi kiran a hana Gaza abinci, a faɗi sunansa da muƙaminsa, domin suna da muƙami ake kai wa kotu, ba a gurfanar da addini. A daina amfani da kalmar Bayahude a matsayin zagi a kasuwa da makaranta. Wanda ya turo mana hoton Hitler, mu mayar masa da labarin Chasselay. Netanyahu ya shekara da shekaru yana neman duniya ta yarda cewa shi ne magajin Annabi Musa, kuma Yahudawa masu tsoron Allah suna ta ƙoƙarin warware masa rawanin, wasu da asarar aikinsu, wasu da asarar danginsu. Bai dace a ce da hannunmu ake ƙara ɗaure masa shi ba.